Sulhu ko Yaƙi? Abin da Kimiyya Ta Gano Game da Gardamar Iyaye da 'Ya'ya a Arewacin Zamfara

Idan kai ɗan Kaura Namoda ne, ko Shinkafi, ko Zurmi, da wuya a ce wannan gardama ba ta taɓa shigowa gidanku ba. A yi sulhu da 'yan bindiga ko kar a yi? Gari ya haɗa harajin da suka ɗora kafin a shiga gona, ko ya ƙi? Saurayin gida ya shiga sa kai, ko ya zauna? A tattara a koma Gusau, ko a daure a gida? A kan waɗannan kuma sai ga ta siyasa: wane gwamna ne ya gyara, wane ne ya ɓata. A gidaje da yawa uba na gefe, ɗa ko 'ya na gefe, uwa kuma na tsakiya tana ba kowa haƙuri. Wani ya rage kiran waya. Wani ya zo hutun salla, ya kwana ɗaya ya juya.

Hukuncin sulhu ko yaƙi ba a nan za a yanke shi ba. Tambayarmu ta kimiyya ce: me ya sa mutum biyu masu jini ɗaya, masu son zaman lafiyar gari ɗaya, suke kallon abu ɗaya su ga abu biyu? Kuma wane irin zance ne bincike ya nuna yana rage zafi, wane ne ke ƙara shi?

Kowa da hujjarsa

Tun wajen 2011 da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa kai da makiyaya suka rikiɗe suka zama abin da muke gani yau, an gwada hanyoyin nan biyu, kuma kowace ta bar tabo. A ƙarshen 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta sasanta da Buharin Daji, abin bai ɗore ba. Bello Matawalle ya hau mulki a Mayun 2019, ya buɗe ƙofar sulhu, aka sako mutane, hanyoyi suka ɗan sarara. A Fabrairun 2021 Sheikh Ahmad Gumi ya shiga dazukan Shinkafi ya zauna da masu ɗauke da makamai, a wannan watan kuma aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe. Zuwa Satumbar 2021 gwamnati ta juya baya ga sulhu, aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Dauda Lawal ya zo a 2023 da alƙawarin ba zai sasanta ba, ya kuma ƙaddamar da Askarawan Zamfara sama da 2,600 a ƙarshen Janairun 2024.

Mai ƙin sulhu zai nuna maka Banga ta ƙaramar hukumar Kaura Namoda, inda a Yulin 2025 aka kashe sama da mutum 30 da ke hannun masu garkuwa bayan an biya kuɗin fansa. Mai son sulhu zai nuna maka Tungar Kara, inda a Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi kuskure ya hallaka 'yan sa kai da mutanen gari, ya kuma tuna maka daminar da aka hana noma. Duk su biyun ba ƙarya suke yi ba. Shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa da kawo hujja.

Kar kuma ka ɗauka kullum uba ne mai son sulhu, yaro mai son yaƙi. Akwai gidan da uba ne tsohon ɗan sa kai da ya binne ƙaninsa da hannunsa, 'yarsa da ke jami'a kuma ita ke cewa kashe Bafillatanin da bai ji ba bai gani ba a kasuwa shi ya ƙara hura wutar.

Ba mu kaɗai ba ne

Ɗaya daga cikin wuraren da aka yi nazarin irin wannan rabuwar kai a cikin gida shi ne tsakanin Yahudawan Amurka. Da yawa a cikinmu muna zaton bakinsu ɗaya kan Isra'ila, alhali ba haka ba ne. Cibiyar bincike ta Pew ta yi musu tambayoyi a 2020: a cikin masu shekara 65 zuwa sama, biyu cikin uku sun ce zuciyarsu na haɗe da Isra'ila, amma a cikin 'yan shekara 18 zuwa 29, kashi 48 cikin 100 ne suka ce haka. A lokacin yaƙin Gaza na 2014 wasu matasan Yahudawa suka kafa ƙungiyar IfNotNow don adawa da mamayar yankunan Falasɗinawa. Bayan harin 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin da ya biyo baya, an ga matasan Yahudawa cikin masu zanga-zanga a jami'o'in Amurka, iyayensu da yawa kuma na kallon hakan a matsayin cin amanar dangi. Gardamar ta bi su har kan teburin Idin Ƙetarewa, bikin da ke tara iyali wuri ɗaya kamar yadda salla ke tara mu.

Rikicin Gaza daban, na Zamfara daban. Abin da ya yi kama shi ne abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar gida. Kuma da yake masana sun daɗe suna gwaje-gwaje kan Isra'ilawa da Falasɗinawa, akwai darussan da za mu iya ara, tare da tuna cewa a can aka yi su, sai mun auna su da ma'aunin gidajenmu.

Shekarun da ke rina mutum

A 1985 wasu masana biyu, Howard Schuman da Jacqueline Scott, sun tambayi Amurkawa su faɗi manyan abubuwan da suka faru a duniya cikin shekara 50 da suka wuce. Sakamakon da suka wallafa a 1989 ya nuna mutane sun fi ambaton abin da ya faru lokacin suna samari da 'yan mata, daga balaga zuwa 'yan shekara ashirin da wani abu. Wasu binciken sun nuna a waɗannan shekarun ne ra'ayin siyasa ya fi saurin canzawa, daga nan sai ya fara daskarewa. Kamar zane ne a marina: tsomin farko ya fi kamawa.

To lissafa da kanka. Dattijo mai shekara 60 ya yi samartakarsa a shekarun 1980, tun Zamfara na cikin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro ta a 1996. A duniyar da ta rina shi, idan shanu suka yi ɓarna, a gaban mai unguwa ko hakimi ake zama, a kira arɗo, a kimanta, a biya, gobe kuma matar ruga ta kawo nono gidan. Idan ya ji kalmar sulhu, wannan hoton ne ke zuwa masa. Ɗansa da aka haifa a 2000 kuwa yana da shekara 11 aka fara. Bai taɓa sanin hanyar Kaura zuwa Shinkafi ba tare da fargaba ba. Shi in ya ji sulhu, abin da ke zuwa masa shi ne ɗan bindiga na yawo da makami a kasuwa ba mai ce masa kanzil.

Haka abin yake a Amurka. Tsofaffin Yahudawa sun tashi da labarin kisan kiyashin Hitila, sun kuma ga yaƙoƙin 1967 da 1973, don haka Isra'ilar da ke kansu ƙaramar ƙasa ce da ake neman haɗiyewa. 'Ya'yansu sun buɗe ido da Isra'ila mai ƙarfin soja da hotunan Gaza a waya. Abin lura kuma, a cikin Isra'ila kanta ƙuri'un jin ra'ayi na nuna akasin haka: matasan Yahudawan can sun fi iyayensu tsauri. Ke nan ƙuruciya ba ita ke sa mutum sassauci ko zafi ba, abin da ya gani a shekarun nan ne.

Kowa gani yake shi ne mai ido

Bayan kisan da aka yi a sansanonin Sabra da Shatila na birnin Beirut a 1982, masana uku na Jami'ar Stanford, Robert Vallone, Lee Ross da Mark Lepper, sun tara ɗalibai masu goyon bayan Isra'ila da masu goyon bayan Larabawa, suka nuna musu rahotannin talabijin iri ɗaya. Magoya bayan Isra'ila suka ce an zalunci Isra'ila a rahoton. Magoya bayan Larabawa suka ce an yi mata kara. Har abin da kowane ɓangare ya tuna ya gani ma ya bambanta. Kuma waɗanda suka fi sanin tarihin rikicin su suka fi ganin son kai a rahoton.

Lee Ross ya bayyana tushen wannan da abin da za mu kira ruɗin "ni na ga zahiri". Ƙwaƙwalwarka ba ta nuna maka tacewar da take yi, sakamako kawai take miƙa maka, sai ka ji kamar abin da ka gani shi ne ainihin abin da ke nan. Idan wani ya saɓa maka, bayani uku ne ke zuwa maka: ko bai sani ba, ko bai da hankali, ko yana da wata manufa. Saurari gardamar gidanku za ka ji su. Ɗa na cewa a ransa, tsoho ne, rediyo kawai yake ji. Uba na cewa, "Kai mi ka sani? Boko ta ɓata ka, kana birni kana cin shinkafa." Idan abin ya yi tsami sai a kai ga na ukun, a ce ai don ɗan jam'iyyar wane ne.

Akwai ƙari. A 2014 Adam Waytz, Liane Young da Jeremy Ginges sun gano cewa Isra'ilawa da Falasɗinawa, haka ma 'yan manyan jam'iyyun Amurka biyu, kowa na cewa shi son nasa ne ke tura shi, abokin gaba kuwa ƙiyayya ce ke tura shi. A cikin gida abin kan zo da wata siga: "Ni don in kare iyali nake cewa a biya, shi kuwa taurin kai ne." Ɗayan kuma: "Ni don jikokinsa nake cewa kar a biya, shi kuwa tsoro ne."

Wahala ba darasi ɗaya take koyarwa ba

Za ka ji ana cewa wanda abin bai taɓa ba shi ke kiran sulhu. Za ka kuma ji ana cewa wanda ke kwance a Abuja shi ke kiran yaƙi. Bincike ya ba kowanne rabin gaskiya.

Daphna Canetti ta Jami'ar Haifa da abokan aikinta sun bi Isra'ilawa da Falasɗinawa da suka fuskanci tashin hankali, suka ga yana jawo damuwa a zuciya, damuwar ta ƙara jin barazana, jin barazanar kuma ya rage yarda da sasanci. Amma Chad Hazlett, a binciken da ya wallafa a 2020 kan 'yan gudun hijirar Darfur da ke gabashin Chadi, ya ga akasin haka: waɗanda aka raunata a jikinsu sun fi sauran yarda cewa za a iya zaman lafiya da waɗanda suka kai musu hari. A Kolombiya, ranar 2 ga Oktoban 2016, an yi ƙuri'ar raba gardama kan sulhu da 'yan tawayen FARC, masu cewa a'a suka yi nasara da kashi 50.2 cikin 100. Amma a Bojaya, garin da bam ɗin 'yan tawayen ya hallaka mutane da dama a cikin coci a 2002, kusan kashi 96 cikin 100 suka ce a yi sulhu.

Wahala ɗaya tana iya haifar da fushi, tana iya haifar da gajiya. Mahaifinka da ke cewa a biya harajin noma ba lallai ya manta da waɗanda aka kashe ba. Mai yiwuwa lissafin rumbu yake yi da bakunan da ke jiransa. Kai da ke cewa kuɗin nan harsashi za su saya, ba rashin tausayi ba ne. Lissafin baɗi kake yi. Shi yana auna damina ɗaya, kai kana auna shekara goma.

Wani abin kuma ba ya shiga lissafi sam. A binciken da suka wallafa a 2007, Jeremy Ginges, Scott Atran da abokan aikinsu sun gwada Yahudawa 'yan kama wuri zauna da Falasɗinawa da tayin sulhu iri-iri. Ga waɗanda ke ɗaukar lamarin a matsayin abu mai tsarki, da aka ƙara kuɗi a kan tayin sai fushinsu ya ƙaru. Abin da ya rage fushin shi ne ɗaya ɓangaren ya amsa laifi ko ya girmama abin da suke girmamawa. Don haka idan wanda kake gardama da shi an kashe masa ɗa ko ɗan'uwa, kar ka zo masa da zancen kasuwa za ta buɗe, taki zai yi araha. A kunnensa ciniki kake yi da jini.

Abin da ba ya aiki

Na farko, tura bidiyo da sautuka a zauren WhatsApp na iyali. A binciken da suka wallafa a 2018, Christopher Bail na Jami'ar Duke da tawagarsa sun biya masu amfani da Twitter su riƙa ganin saƙonnin ɓangaren da suke adawa da shi na tsawon wata ɗaya. Maimakon su sassauta, 'yan jam'iyyar Republican sai suka ƙara tsauri, 'yan Democrat kuma ba su matso kusa ba. Bidiyon Bello Turji ko na gawarwaki da kake turawa da dare don Baba ya gane, tsoro da fushi yake ƙarawa, kuma ka riga ka ga abin da jin barazana ke yi wa zuciya.

Na biyu, yin gardama da zafin jiki. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana auna bugun zuciyar ma'aurata lokacin da suke saɓani, ya lura cewa idan bugun ya haura kamar 100 a minti ɗaya, mutum ya daina sauraro, sai kare kai. Sinadarin adiranalin ya riga ya zuba a jini, kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Wannan ya yi daidai da tarbiyyar da muka tashi da ita, cewa mai fushi ya zauna, ya yi shiru, ya yi alwala. Idan ka ji kunnenka ya ɗau zafi, nemi izini ka tashi: "Baba, bari in yi alwala, ma ƙarasa bayan isha'i." Amma ka dawo ɗin, don tashi ba dawowa shi ma raini ne.

Na uku, gudun juna. Keith Chen da Ryne Rohla sun yi amfani da bayanan wayoyin hannu suka auna zaman cin abincin bikin godiya na Amurka a 2016, makonni bayan zaɓen Trump. Iyalan da suka fito daga yankunan da suka zaɓi jam'iyyu daban sun taƙaita zamansu da minti 30 zuwa 50. Ka ga ba faɗa aka yi ba, zumunci ne ke zurarewa a hankali. Mu da hanya ma ke hana mu ziyara, ba mu da rarar da za mu yi asara.

Abin da ke taimakawa

Zaɓi wuri. Maganar da uba zai iya karɓa a ɗakinsa bayan sallar asuba, ba zai karɓe ta a majalisa ba, ko gaban ƙannenka, ko gaban suruki. A gaban mutane girmansa yake karewa, batun sulhu ya riga ya fita daga zancen.

Fara da neman labari. Emily Kubin da abokan aikinta sun nuna a 2021 cewa a gardamar siyasa mutane sun fi girmama abokin saɓanin da ya kafa ra'ayinsa kan abin da ya same shi, fiye da wanda ya zo da alƙaluma. David Broockman da Joshua Kalla kuma sun gwada hirar ƙofa zuwa ƙofa a Amurka, suka ga musayar labarin rayuwa ba tare da zargi ba tana canza ra'ayi har na tsawon watanni. To ka tambaya: "Baba, da can in shanu sun shiga gona yaya kuke yi? Yaushe kuka fara ganin abin ya canza?" Sannan ka ba da naka, daren da ka kwana a tasha don direbobi sun ƙi tashi, ko abokin karatunka da aka ɗauka. Labari ba a ƙaryata shi kamar yadda ake ƙaryata lamba.

Maimaita abin da ka ji kafin ka amsa. A binciken da suka wallafa a 2012, Emile Bruneau da Rebecca Saxe sun haɗa Isra'ilawa da Falasɗinawa, ɗaya ya rubuta halin da mutanensa ke ciki, ɗayan ya taƙaita abin da ya karanta. Abin da suka gano ya shafi gidajenmu sosai: ɓangaren da ba shi da ƙarfi ya fi sassauta ra'ayi idan aka saurare shi, mai ƙarfi kuma ya fi sassautawa idan shi ya saurara. A gida yawanci uba ne mai ƙarfi. Amma idan kai ne ke turo kuɗin cefane daga birni, shi kuma an raba shi da gonarsa yana zaman haya a Kaura, to ƙarfi ya dawo hannunka, kuma kai ne ya kamata ka fara saurara. Ka ce, "Abin da na ji kun ce shi ne, in ba a biya ba bana ba abinci, kuma ba wanda zai zo ya tsare mu. Haka ne?" Faɗin haka ba amincewa ba ce.

Sauya "don me" da "ta yaya". Philip Fernbach da abokan aikinsa sun nuna a 2013 cewa idan aka ce mutum ya bayyana dalla-dalla yadda manufar da yake goyon baya za ta yi aiki, sai ya gane bai san ta kamar yadda yake zato ba. Da aka maimaita gwajin daga baya, wannan ɓangaren ya tabbata, amma ba a ga ra'ayi ya yi laushi kamar yadda aka fara rahotowa ba. Duk da haka tambayar na da amfani, don tana fitar da ku daga take zuwa aiki. Sulhu da wa, tunda dabobi sun yi yawa kuma ba shugaba ɗaya gare su ba? Wa zai tsaya idan aka karya? Makamai fa? In kuma yaƙi ne, wa zai kwana a garin bayan sojoji sun wuce? Wa zai hana askari huce haushi a kan wanda bai da laifi? Sau da yawa a nan ne za ku tarar kuna tsoron abubuwa iri ɗaya.

Yi amfani da 'yan tsakani. Al'adarmu ta san cewa akwai maganar da ɗa, musamman ɗan fari, ba ya iya faɗa wa uba baki da baki. Shi ya sa akwai kawu, akwai gwaggo, akwai aminin uba da limamin unguwa. Akwai kaka, wadda wasan jika ya ba ka damar faɗa mata abin da ba ka isa ka faɗa a zaure ba, ita kuma ta san ta inda za ta shigar da shi. Sai dai a kula da Inna: kar a mayar da ita ɗan aike kullum, kowa na sauke mata nasa fushin.

Ga iyaye

Idan kai ne uban, ko ke ce uwar, ga abu biyu daga bincike. Elias Dinas ya nuna a 2014 cewa yaran da suka tashi a gidan da ake yawan zancen siyasa su suka fi ɗaukar ra'ayin iyaye tun suna ƙanana, kuma su ne suka fi barinsa idan sun girma, saboda an koya musu sa ido kan abin da ke faruwa. Yaron da ke ja da kai kan sulhu, a gindin rediyonka ya koyi damuwa da gari. Tarbiyyar ce ta kama.

Na biyu, Vern Bengtson da Joseph Kuypers sun lura tun 1971 cewa iyaye kan matsu su ga 'ya'ya sun ɗora daga inda suka tsaya, 'ya'ya kuma kan matsu su nuna sun zama mutanen kansu. Don haka saɓani ɗaya, uba na jin sa kamar an yar da shi, ɗa kuma na jin sa kamar ya girma. Gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma shi ma yaron ya bi hanyoyin da kai ba ka bi ba. Kar a zaro albarka a yi barazana da ita kan ra'ayin gwamna ko jam'iyya. Su kuma 'ya'ya su tuna Suratu Luƙman ta yi umarni da kyautata zama da iyaye ko da a saɓanin da ya fi kowane girma, na aƙida, balle na APC da PDP.

Inda gardama ta zama batun rai

A Amurka ƙarshen irin wannan saɓani shi ne a daina gaisawa. A Zurmi ko Shinkafi yana iya kaiwa ga kabari, don haka akwai iyakokin da ya kamata gida ya amince da su ko da ba a daidaita kan komai ba.

Kalmar infoma kar ta fito daga bakin kowa a kan ɗan gida ko maƙwabci, ko da wasa, ko cikin fushi. Zargi kaɗai ya isa a kashe mutum kafin a bincika. Haka nan kai da ke birni, kar ka hau Facebook ko TikTok ka ambaci sunan ƙauyenku, ko wanda ya kai haraji, ko inda 'yan sa kai ke kwana, don ka ci gardama. Su ma na daji suna da waya, kuma ba kai za su tarar a gida ba.

Sannan a raba ra'ayi da shawara. Ko sulhu daidai ne, wannan ra'ayi ne, kuna iya shekara goma kuna saɓawa. Amma ko ƙaninka zai shiga askarawa, ko za a kwashe mata da yara zuwa gari, ko me za a sayar idan aka ɗauki wani, waɗannan shawarwari ne da ake yankewa tare, kuma gara a zauna a kansu tun ana cikin natsuwa. A nan ƙa'ida mai sauƙi ita ce, wanda zai kwana cikin hatsarin maganarsa ta fi nauyi, wanda zai biya kuɗin kuma dole a ji nasa.

Da wuya ka canza ra'ayin mahaifinka a zama ɗaya, kuma babu binciken da ya yi maka wannan alƙawari. Abin da gwaje-gwajen suka nuna ya fi haka ƙanƙanta: mutumin da aka saurara yakan rage kare kai, kuma yakan yarda a sake zama. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Idan ka kira gida a makon nan, fara da tambayar gero da lafiyar Inna, in zancen ya zo kuma, ka bar Baba ya kai aya kafin ka ce naka. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya.